Ta Ce Gonarsa Ce

Kafin ku yanke mini hukunci, jama'a, ku bari in fara gaya muku yadda Manasse yake magana. Wanda bai taɓa jin muryarsa ba, ba zai gane yadda mace mai hankalinta, 'yar malamin makaranta, mai waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, za ta tsaya a tsakiyar gonar matar da ta shayar da ita ta raba magana biyu ta jefar da rabi ba.

Ba ya rubuta wasiƙa, wai rubutu aikin marasa abin yi ne. Kaset yake yi mini. Zai ajiye rakoda a kujerar motarsa ya danna, ya yi ta zuba yana tuƙi, har hon ɗin 'yan tasi da zaginsu duk suna shiga ciki. Da yamma ya biyo ta gidanmu a unguwar Bulabulin, cikin garin Yerwa, ya miƙo mini ta tagar mota ya ce, "Saƙonki, ranki ya daɗe." Ni kuma in shige ɗaki, in rage murya don kada Mama ta ji, in manna kunne.

"Rhoda, ni ne naki. Yanzu na wuce Kasuwar Monde. Na ga wata atamfa ruwan ganye, na ce wannan in ba a jikin Rhoda ta zauna ba an zalunce ta. Kai malam, ka matsa da akwalar nan taka! Ba da ke nake ba, ranki ya daɗe."

To ku gaya mini, wace ce za ta ji wannan ba ta yi murmushi ita kaɗai ba?

Ni ce Rhodan. Babana Malam Thomas, mutumin Biu, ya ƙare ƙarfinsa a koyarwa ya yi ritaya da alli a farce. Ni kuma ina buga tafireta a wata makarantar sakandare. A shekarar 1989 da wannan abu ya faru na ba ashirin da bakwai baya, kuma mahaifiyata Agnes ba ta bari in manta ko na yini guda. Duk bikin da aka yi a coci ita ce kan tukunya, ita ce kan anko. In ta dawo sai ta zube a tabarma ta kwance ɗankwali ta ce, "Na gaji da dafa shinkafar 'ya'yan mutane, Rhoda. Yaushe za a dafa tawa?" Da Manasse ya fara sallama a ƙofarmu, sai da ta yi azumin godiya.

Kamfani gare shi, sunansa Gonakin Manasse da 'Ya'yansa. Ɗaki guda ne da tebur da fanka da kalanda mai hoton tarakta. Ba mata, ba 'ya'ya, ba gona. In na tsokane shi sai ya ce, "Sunan ne ya riga su isowa, suna tafe." A lokacin gwamnati na raba tallafi ga kamfanonin da ke da manyan gonaki a karkara: taki a araha, tarakta, da kuɗin share ƙasa. Ƙaramin manomi irin Baba, mai 'yar gonarsa a gida, sai ya bi layi ya sha rana kafin ya samu buhu guda, kamfani kuwa a tirela ake kai masa. Sharaɗi ɗaya ne, sai jami'ai sun je sun ga gonar da idonsu. Manasse yana da komai, baki da tufafi da sanin mutane, gonar ce kawai babu.

Sai Ya Kellu. Da aka haife ni muna zaune a unguwar Mafoni ne, zana ɗaya ya raba gidanmu da nata. Mama ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, Ya Kellu kuma tana goyon ɗanta. Ba ta tambayi cocinmu ba, ba mu tambayi masallacinta ba, ta miƙo hannu ta saman zana ta ɗauke ni. A bayanta na yi wayo, na iya Kanuri kafin in iya yaren Bura, abin da har yau ke sosa wa Mama rai. "Feroni" take kirana, wato 'yata. Da mijinta Ba Madu ya rasu, ɗan nata ma mota ta kashe shi, sai ta kwashi jikokinta ta koma ƙauyensu a hanyar Dikwa, ta riƙe gonar mijinta. Gonar firgi ce, baƙar lakar nan da ke shan ruwan damina ta riƙe. In ruwa ya janye sai a dasa masakwa, dawar rani, ta yi ta girma ba ruwan sama ba taki. Da ita take ci, da ita take tufatar da marayun.

Ni da bakina na ba Manasse labarin gonar. Yabo nake yi, Allah ya sani.

Wata Juma'a kaset ya zo. "Rhoda, ina jin kunya. Na gaida Baba, na gaida Mama, amma uwar da ta shayar da ke ban taɓa durƙusa mata ba. Gobe ki sa atamfar nan, mu je a gan ni." Sai da na yi hawaye. Na ce wannan shi ne miji, wanda ya san nono ba a raina shi.

Na sa atamfar ruwan ganye, ɗinkin riga da zani biyu, na ɗaura ɗankwali ya tashi sama, na zura takalmi mai tsini kamar mai zuwa liyafa. Ya cika bayan mota da sukari da ganyen shayi da goro da sabulu. Mun wuce gari ke nan ya dubi madubi ya ce, "Af, na manta. Wasu abokaina daga ma'aikata za su biyo mu, wai ba su taɓa ganin masakwa a tsaye ba." Na waiwaya, sai ga Landiroba mai lambar gwamnati tana bin mu.

A nan ya kamata in ce ya juya. Na sani, kun sani. Amma na gyara ɗankwalina na ce a raina, kada ki zama mai mugun zato, Rhoda.

Ya Kellu ta tarbe mu da guɗa. Ta rungume ni tana "Wushe, wushe," wato sannu, tana shinshina wuyana kamar yadda take yi tun ina yarinya. Da ta hango Manasse kuwa sai ta ja gefen lafayarta ta rufe rabin fuska, ta juya kai gefe. Suruki ne, ba a haɗa ido da shi, ba a kama sunansa. Ya durƙusa har ƙasa da farin yadinsa. Ta sa aka yanka kaza, aka tuƙa burabusko, baƙin gwamnati ma suka ci suka suɗe hannu.

Daga nan muka shiga gona. Jama'a, ban taɓa ganin masakwa ta yi kyau irin na shekarar nan ba. Zangarniya ta sunkuya don nauyi, iya ganinka. Ƙasa duk ta tsattsage, tsinin takalmina ya yi ta faɗawa rami, har sai da na cire na riƙe a hannu. Ya Kellu tana gaba tana nuna mini ƙananan madatsun laka da ita da jikokinta suka ɗaga da hannu don su tare ruwa, tana cewa wannan tun Ba Madu yana raye, wancan bara ta gyara.

Babban jami'in dogo ne mai safari ruwan toka, daga jin Hausarsa Bazazzagi ne, ko gaisuwar Kanuri bai iya ba. Abokin aikinsa yana ta ɗaukar hoto. Ya tsaya ya share gumi ya dube ni.

"Malama, ke kike jin yarensu ko? Tambayar mini tsohuwa, gonar nan ta wa ce?"

Na juya na tambaye ta da Kanuri. Ta ƙara jan lafaya ta sunkuyar da kai, don an yi tambayar a gaban surukinta. Ta yi magana a hankali, doguwa, mai daɗi. Ta ce gonar Ba Madu ce da ya bar wa marayu, ita ke noma ta. Amma wannan da ke tsaye mijin 'yarta ne, saboda haka ɗanta ne, abin da ke hannunta nasa ne, ita da gonar da jikokin duk nasa ne.

Kowa a ƙasar nan ya san wannan magana. In baƙo ya yaba akuyarka ka ce masa "ai taka ce," ba wanda ke kwance igiya ya ja ta. Girmamawa ce, ana faɗa a karɓa da godiya a bar ta a wurin. Ni na fi kowa sani, a bayan matar nan na koyi magana.

Na ɗaga ido sai muka haɗa da Manasse. Ya ɗan karkatar da kai ne kawai, irin yadda yake yi in ya miƙo kaset. Na tuna Mama a tabarma da kwantaccen ɗankwali. Na tuna shekaruna.

Na ce, "Ta ce gonarsa ce."

Jami'in ya gyaɗa kai. "Ita kuma fa?"

Manasse ya yi caraf ya ce, "Ita ke kula mini da ita, ranka ya daɗe. Uwa ce a wurinmu."

Ya Kellu ta taɓa hannuna. "Feroni, me suka ce?"

"Sun ce dawar ta yi kyau," na ce mata.

Ta yi dariya ta karya zangarniya biyu ta miƙa wa jami'in tsaraba.

Muna hanyar dawowa muka fara hango fitilun gari. Na ce, "Yaya Manasse, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin zo?"

Na kawar da kai wajen taga, shi kuma ya ci gaba.

"Aro ne, Rhoda. Gonar ma ba mu ara ba, ganinta kawai muka ara. Kowa haka yake yi. Kin san gona nawa aka nuna wa mutanen nan sau uku uku da suna daban daban? Ko zangarniya ɗaya ba za a taɓa mata ba. In tallafi ya fito ita ce ta farko da za ta sha romo. Kuma ai ba ƙarya kika yi ba, ita ta faɗa."

Ita ta faɗa. Na karɓi kalmomin nan na yi matashi da su. Da muka isa gida ya zauna a falo ya ba Baba labari, wai tsohuwa ta ba shi gona a gaban gwamnati don ya kafa kamfani. Baba ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Da gaske, Rhoda? Kellu ta yi haka?" Na ce, "Haka ta ce, Baba." Ran Lahadi sai da Baba ya miƙe a coci ya roƙi a sa wata baiwar Allah Musulma a addu'a saboda alherinta. Ina cikin mawaƙa da farar riga, na amsa amin tare da kowa.

Tallafi ya fito. Aka sauke tsohon kwanon gidanmu mai yoyo aka buga sabo. Taki ya tafi Biu ba layi ba rana. Akwalar Manasse ta zama sabuwar Fijo. Aka kawo akwatunan lefe, Mama ta kira matan zumuntar coci suka yi ta ɗaga leshi suna guɗa. Kada ku ce an tilasta mini, 'yan kunnen zinaren da ke ciki ni na fara gwadawa, na daɗe a gaban madubi ina juya wuya. An kai wa Ya Kellu buhun shinkafa da turmin atamfa, ta aiko da godiya da albarka. Na ce a raina, to ga shi, kowa ya samu, wa aka cuta? Aka sa rana, Fasto ya fara karanta sanarwar aurenmu a coci, wadda ake yi Lahadi uku a jere ana tambaya ko akwai mai magana.

Ashe kayan aro ba ya rufe katara. Bayan sanarwa ta biyu wani kaset ya zo, kuma tun daga gyaran muryarsa na san ba lafiya ba. Babu hon, babu zagin 'yan tasi, a tsaye ya yi shi.

"Rhoda, akwai 'yar magana, ba matsala ba ce. Mutanen nan sun canza tsari. Wai duk kamfanin da ya karɓi tallafi sai an auna gonarsa an kafa duwatsun iyaka, sai tarakta ta shiga ta baje ta kafin damina. Wanda bai yi ba zai mayar da komai, har da kotu. To an je an kafa duwatsun. Kada ki tayar da hankalinki, zan nema wa Ya Kellu wani wuri, ko in ɗauke ta aiki, wata ya ƙare ta karɓi albashi, ai ya fi mata wahalar laka. Ki bar wannan tsakaninmu har a gama biki. Ni ne naki."

Na mayar da shi baya na sake ji, na sake, har zaren ya fara ja. In tarakta ta baje madatsun nan ruwa ba zai tsaya ba, in ruwa bai tsaya ba babu masakwa. Wani wuri kuma, a ina? Firgi ba yadi ba ne da za a yanko a kasuwa. Za a ɗauki matar nan aiki a gonar mijinta, da bakina.

Na samu Mama a kicin tana suyar cincin ɗin biki, gumi har cikin ido. Na tsuguna kusa da murhu na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta daina juya mai ba.

"Ita ta faɗa ko ba ita ta faɗa ba?"

"Ita ta faɗa, Mama, amma kin san..."

"To ki bar amma ɗin nan a bakinki." Ta tsame cincin ta zuba a kwando. "In kika buɗe baki, yaron nan gidan yari za shi. Kwanon da ke kanki da me aka saya? Babanki da ya miƙe a coci fa, ina zai sa fuskarsa? Saura sanarwa ɗaya, Rhoda, ɗaya tak."

"Ita ta shayar da ni."

Sai ta ajiye matsamin ta dube ni, idonta ya yi ja, ba na hayaƙi kaɗai ba. "Na sani. Tun kina cikin zani ake tuna mini. Ita ta shayar da ke, ni kuma na kusa mutuwa wajen haihuwarki. Sau ɗaya a rayuwarki ki zaɓe ni."

Na ɗauki cincin guda na sa a baki don kada in yi kuka.

Ran Asabar, ana gobe sanarwa ta ƙarshe, Mama ta gayyaci Fasto da Manasse cin abincin rana don a ƙarasa maganar biki. An shimfiɗa sabuwar leda a tebur, an fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Fasto ya riga ya iso, suna falo da Baba suna gardamar siyasa. Ina ɗaki ina guga sai na ji sallama a tsakar gida, da muryar da ko cikin kasuwa zan gane.

Ya Kellu ce, da baƙar lafaya mai jan baki, ƙafafunta futu-futu daga tasha, ta ɗauko wata 'yar kwalla a ka. Mama ta tarbe ta da fara'ar da ta fi ƙarfin fuskarta, ta kawo ruwa, ta yi ta sannu da hanya tana satar kallona. Ya Kellu ta sha ruwa ta kama hannuna ta ja ni ɗaki ta saki labule.

Ta buɗe kwallar. Turaren wuta ne da ta haɗa da hannunta, da kwalbar humra. Ta ce amaryar da ta sha nonon Kanuri ba za ta shiga ɗakin miji tana ƙanshin sabulun kanti ba. Ta sa na ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren, ta zaunar da ni a kujera 'yar tsuguno, ta tura kaskon ƙarƙashina ta lulluɓe ni da bargo har wuya. Hayaƙi ya fara ratsa ni. Ta zauna a bayana tana warware mini kitso, yadda ba na ganin fuskarta.

"An zo an dasa mini duwatsu a gona," ta ce da Kanuri, kamar mai ba da labarin farashin gero. "Duwatsun siminti masu rubutu. Na je wurin Bulama, mai garinmu, ya ce wai ni na bayar, a gaban gwamnati. Na ce masa da wane baki? Ni ba ni da bakin gwamnati, bakina yana Yerwa. Shi ne na biyo bakina."

Gumi ya karyo mini. Na ce, "Ya Kellu, kuskure ne aka..."

Ta ɗan ja gashina, ba da zafi ba, irin jan da take yi in na motsa ana kitso. "Feroni, Hausata ta sayen gishiri ce, ba ta iya tsayawa gaban mai rigar gwamnati. Amma kunnen nan ya daɗe a Mafoni. Na ba ki magana mai tsawon lafaya, kika miƙa musu ɗan ƙyalle. Na ji."

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na fashe da kuka a cikin bargon, hayaƙi na shiga hancina. "Kin ji? Tun ranar? Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ƙaryata 'yata a gaban mijinta da baƙi? Na ce yarinya ce, tana son ta yi wa mijinta ado da gonata, ta yi. Ado ai ana cirewa a mayar." Ta ci gaba da tsefe kan. "Da ni kaɗai ce da na bar miki, nonon ma ai ban karɓi kuɗinsa ba. Amma gonar ta marayu ce."

Daidai nan na ji hon ɗin Fijo a ƙofar gida, sau biyu, yadda yake yi mini. Na ji Mama tana "Maraba da ɗana," na ji dariyarsa ta cika falo. Ya Kellu ta yaye bargon, ta goge mini fuska da gefen lafayarta, ta ɗaura mini ɗankwali a kan rabin tsifa. Ta ce, "Tashi."

Muka fito falo. Manasse yana sanye da shadda ruwan madara, da sabon kaset a aljihun gaba, ina ganin kansa. Da ya ga wadda ke bayana fuskarsa ta ɗan motsa, amma nan da nan ya gyara ta, ya zube ƙasa a gaban Ya Kellu. "Wushe, Mama, wushe! Rhoda, gaya mata na yi fushi, ta zo gari ba ta aiko in ɗauko ta ba."

Ya Kellu ba ta juya kai gefe ba. Ta sa hannu ta sauke lafayar daga fuskarta gaba ɗaya, ta dube shi ido cikin ido. Fasto bai gane ba, amma Mama ta gane, don sai da farantin hannunta ya yi ƙara. Mace ba ta buɗe fuska haka ga wanda take ɗauka suruki.

Ta yi magana da Kanuri. Wannan karon gajera ce, ba ado, ba girmamawa. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ki faɗa duka."

Kanurin Baba bai wuce gaisuwa ba. Ya ce, "Rhoda, me take cewa?"

Mama tana tsaye a bakin ƙofa da farantin shinkafa, idonta a kaina, leɓɓanta na motsi ba sauti. Manasse yana durƙushe har yanzu, ya ɗago ya karkatar da kai, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ranki ya daɗe."

Ina son mutumin nan, jama'a. Ko a wannan lokacin ina son shi, kuma ba zan ɓoye muku ba don ku ji daɗin karatu.

Na ce, "Ta ce gonarta ce, ta marayun Ba Madu. Ta ce ba ta bayar ba, ba ta sayar ba, ba ta ba da aro ba. Ta ce a je a tone duwatsun kafin ruwa ya sauka."

Manasse ya yi 'yar dariya ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Baba, ka san tsofaffi, yau su ce wannan gobe su ce wancan. Ai a gaban jami'ai ta..."

Baba ya ɗaga masa hannu, irin yadda yake tsayar da aji. Ya cire tabarau ya ninke ya ajiye kusa da farantinsa.

"Na yi maƙwabtaka da Kellu tun ba a haife ka ba. Ba ta magana biyu." Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi Manasse ba, ni ya duba. "Ranar da kuka je gonar, wa ya yi musu tafinta?"

Turaren Ya Kellu yana ta fita daga jikina, ya cika falon, ya danne ƙanshin shinkafar Mama.

Na ce, "Ni ce, Baba."